Adakar Gwaggo: Yadda Mata Suka Riƙe Tarihin Yaƙin Basasa

Gabatarwa

A ƙauyenmu, can arewa da birnin Kano, inda gona ke manne da gona har akuya ba ta kiwo da damina sai a ɗaure, akwai wata gwaggona da ta shekara fiye da arba'in tana ajiye da wata 'yar adaka a ƙarƙashin gadonta. Muna yara mun ɗauka kuɗin adashi ne a ciki. Sai bayan da Allah ya yi mata rasuwa aka buɗe, aka tarar da hoton wani saurayi cikin kaki, da wasiƙu uku da aka rubuta da ajami, da takardar fam ɗaya irin wadda aka daina karɓa tun 1968. Saurayin nan ƙanenta ne, watau baffanmu, wanda ya shiga soja a 1967 bai kuwa dawo ba. Ran sadakar bakwai tsofaffin matan unguwa suka zauna a tsakar gida suka yi ta ba da labarinsa: ranar da ya tafi, da wanda ya raka shi tashar mota, da yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Ni da na karanta tarihin yaƙin a makaranta, na haddace ranaku da sunayen janar-janar, ran nan na gane ban san kome ba game da rabon da gidanmu ya samu a cikinsa.

Wannan shi ya sa na ga ya kamata in ɗan yi tsokaci a kan yadda mata, a ƙungiyance ko a ɗaiɗaiku, suka zama ma'ajiyar tarihin yaƙe-yaƙen basasa a nan ƙasarmu da kuma wasu ƙasashe, da abin da ya rage a gare mu mu yi kafin lokaci ya ƙure.

Basasar farko

Kalmar basasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu. Daga nan ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a cikin shekarar. Tukur ya fita ya nufi iyakar Katsina, aka yi karon ƙarshe a Tafashiya a 1895, inda ya gamu da ajalinsa. Aliyu Babba ya yi sarauta har zuwan Turawa a 1903.

Masana sun rubuta wannan tarihi, musamman Adamu Muhammad Fika a littafinsa na 1978 a kan basasar Kano da mulkin Turawa. To amma abin da littattafai suka fi kulawa da shi shi ne sarakuna da hakimai da manyan bayin sarki. Labarin talakan da aka ƙone wa rumbu, ko matar da ta gudu da goyo cikin dare, wannan a bakin kakanni mata ya zauna, yawancinsa kuwa ya bi su kabari.

Akwai misali guda da ke nuna irin dukiyar da muka yi asara. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau da wata tsohuwa da ake kira Baba, 'yar Karo ta kudu maso yammacin ƙasar Kano. Baba ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin hare-haren kamun bayi har zuwa shigowar Turawa, aka buga littafin a 1954. Har yau jami'o'in duniya na karanta shi. Tsohuwa ɗaya ke nan da aka samu wanda ya saurare ta da alƙalami a hannu.

Kafin Baba ma akwai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta ga hijira da yaƙe-yaƙen jihadi da idonta, ta kuma tsara tarihinsu a waƙe, irin su Waƙar Gewaye, ta yi marsiyyoyi ga 'yan uwa da mutanen kirki maza da mata. Sa'an nan ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, watau shugabannin mata na ƙauyuka, kan jagoranci 'yan uwansu zuwa wurinta su koyi waƙoƙin, su koma su koyar. Ta haka ilmi da tarihi suka shiga ɗakunan da malami namiji ba ya shiga. Ashe ke nan ƙungiyar mata mai adana tarihin yaƙi da na iyali tsohon abu ne a wurinmu.

Basasa ta biyu

Mu dawo kan yaƙin da ya ci baffana. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da na 29 ga Yuli, ƙasa ta rikice. An kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara, har da nan Kano, inda ran 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka yi bore suka buɗe wuta a filin jirgin sama da Sabon Gari. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, aka sami Jihar Kano da Audu Baƙo a matsayin gwamna. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Aka fara harbi ran 6 ga Yuli 1967, ba a kuwa ajiye makamai ba sai ran 15 ga Janairu 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Wata talatin ke nan.

Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka gama ya kai kimanin 250,000. Daga ina aka samo waɗannan samari? Daga ƙauyuka irin namu na wajen Dambatta, Bichi, Kunci, Makoɗa, Tsanyawa, Minjibir da Dawakin Tofa, da sauran sassan ƙasa. Wanda ya san yankinmu ba zai yi mamaki ba. Jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, kowace shekara sai an kai mata taki a kan jaki kafin ta ba da gero da dawa da gyaɗa. Saurayin da ke cikin gandun ubansa tare da 'yan uwa biyar ya saba tafiya cin rani da zarar an gama girbi. Da aka ce ana ɗaukar soja, ga albashi duk wata, ga kuma waƙoƙin zuga a gidan rediyon Kaduna dare da rana, sai da yawa suka ɗauke shi kamar wani cin ranin. Horon 'yan makonni ake yi wa kurtu a tura shi bakin daga.

An raba mayaƙan runduna uku. Ta ɗaya a ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangara ta Nsukka da Enugu, ta biyu a ƙarƙashin Murtala Muhammad, ɗan Kano, ta bi ta Benin zuwa Asaba, ta uku kuwa a ƙarƙashin Benjamin Adekunle, daga baya Olusegun Obasanjo, ta shiga ta bakin teku. Runduna ta biyu ta yi mummunar asara a ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara zuwa Onitsha a Oktoba 1967, inda jiragen ruwa suka nutse da sojoji, ta kuma sake yin wata a kwanton ɓaunar Abagana ran 31 ga Maris 1968. Wanda ruwa ya ci ko wuta ta cinye ba shi da kabari, sau da yawa ma babu takardar da ta isa gida. Jimillar waɗanda suka mutu a yaƙin kuwa, ƙiyasin masana ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, mafi yawansu farar hula ne na Gabas, musamman yara, waɗanda yunwa ta kashe.

Abin da mata suka riƙe

Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da aka gama yaƙi Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, gwamnati ta mai da hankali ga sulhu da gyaran ƙasa. Wannan hikima ce, amma ta zo da shiru mai yawa. Sojojin da suka dawo yawanci ba sa son maganar. Wanda ya rage da tuna baya ita ce uwa, da mata, da 'yar uwa.

A gidajenmu na karkara wannan ajiya ba ta da ofis ko hatimi. Wurin zamanta shi ne taron adashi, da gidan biki, da gindin turmi, da zaman makoki. Mata ne ke lissafin shekaru da abubuwan da suka faru: wance an haife ta shekarar araba, wane an yaye shi shekarar da aka canza kuɗi, an yi auren wance bayan canjin hannu, watau 1972 da motoci suka koma bin dama. Da irin wannan lissafi mai bincike zai iya gano shekarar da soja ya tafi ko da babu takarda. Su ne kuma suka san wa aka mayar wa sunan mamaci, shi ya sa za ka ji ana kiran yaro Baffa ko Abba alhali bai kai shekara goma ba.

Su ne kuma suka ɗanɗana wahalar da ba a rubuta ba. Matar da aka tabbatar mijinta ya rasu ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta san matsayinta. Amma wadda mijinta ya ɓace, ba gawa ba labari, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba, sai ta kai magana gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata wa'adi. A unguwarmu an ba ni labarin wadda ta jira shekaru, aka ɗaura mata aure da wani, sai ga mijin farko ya dawo da ƙafa ɗaya. Akwai kuma matan Gabas da sojoji suka zo da su, waɗansu da son ransu, waɗansu yunwa ko tsoro ya tilasta musu. Sun tsufa a cikinmu, sun haifi 'ya'ya da jikoki Hausawa, a cikinsu kuwa akwai tarihin ɗaya ɓangaren wanda ba mu cika tambaya ba.

Wani abin lura shi ne alkunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Saboda haka uwa za ta iya ba ka labarin ɗanta soja tun daga haihuwa har tafiyarsa, ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Idan ba a tambayi kishiyarta ko ƙanwarsa ba, sai labari ya tsira suna ya ɓace.

A birane akwai ƙungiyoyi masu rajista. Jam'iyyar Matan Arewa an kafa ta a Kaduna a 1963. Akwai ƙungiyar matan hafsoshin soja da ake kira NAOWA, mai gina makarantu a barikoki da tallafa wa matan mamata da marayu. Akwai kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, da Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, wadda aka mayar 15 ga Janairu daga 11 ga Nuwamba don ta dace da ranar ƙare yaƙi. Aikin waɗannan ya fi karkata ga taimako da faretin girmamawa, kuma abin a yaba ne. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa da aka kafa a Umuahia a 1985 yana cike da bindigogi da motocin sulke da jirage. Sai dai bindiga ba ta faɗin wanda ya riƙe ta, balle wadda ya bari a gida.

A wannan fage 'yan uwanmu mata na Gabas sun yi mana nisa. Flora Nwapa ta fitar da Never Again a 1975, Buchi Emecheta ta fitar da Destination Biafra a 1982, Rose Njoku, matar wani babban hafsan Biyafara, ta rubuta abin da ya same ta a 1986, Chimamanda Adichie kuma ta biyo baya a 2006 da Half of a Yellow Sun. A Asaba, inda sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Oktoba 1967, matan da suka binne mazansu da 'ya'yansu da hannunsu suna cikin waɗanda suka riƙe sunayen, har masana biyu, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka tattara shaidar mutanen garin a littafi a 2017. Mu kuwa abin da muka fi mallaka a rubuce shi ne waƙoƙin ƙarfafa gwiwa da maza irin su Aƙilu Aliyu suka yi a lokacin yaƙin.

Darasi daga Amurka

Amurka ta yi nata yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu da suka ɓalle don kare bautar da baƙaƙen fata. Aƙalla mutum 620,000 suka mutu. Da aka gama, gwamnati ta gina maƙabartu don sojojinta, ta bar na 'yan tawaye. Sai matan Kudu suka kafa ƙungiyoyi gari-gari tun daga 1865 da 1866, suka tara kuɗi, suka tono gawarwaki daga gonaki da dazuzzuka suka binne su a wuri guda. Matan Richmond har daga filin dagar Gettysburg suka sa aka kwaso dubban gawarwaki a farkon shekarun 1870. A Arewa ma an kafa ƙungiyar mata masu agaza wa tsofaffin sojoji a 1883, da ta 'ya'ya matan sojojin tarayya a 1885.

Mafi shahara ita ce United Daughters of the Confederacy, watau haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'ya'ya matan sojojin Kudu, wadda aka kafa a Nashville a 1894. Wata ƙungiyar matan kuma ta buɗe gidan tarihi a tsohuwar fadar shugaban 'yan tawaye a Richmond a 1896. Sun bi tsofaffin sojoji gida-gida suna rubuta abin da suka tuna, sun tara wasiƙu da hotuna da tutoci, sun kula da gidajen gajiyayyu. Masu binciken tarihi har gobe suna cin moriyar wannan ajiya.

Amma fa akwai gyara a rawar tasu. Son kare mutuncin iyaye ya sa suka yi wa tarihi kwaskwarima. Suka ce ba don bauta aka yi yaƙin ba, suka nuna bayi cikin jin daɗi suke, suka kafa ɗaruruwan gumakan sojojin Kudu a tsakiyar garuruwa, suka kuma sa ido a kan littattafan makaranta, duk wanda bai bi ra'ayinsu ba su sa a hana karanta shi. Wannan ya taimaka wajen ɗorewar wariyar launin fata shekaru da dama. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Rikicin gumakan ya jawo zubar da jini a Charlottesville a 2017, aka sauke da yawa daga cikinsu a 2020, babban gunkin Janar Robert Lee na Richmond kuma aka cire shi a 2021.

Darasin a fili yake. Mu ɗauki himmarsu, mu bar son zuciyarsu. Idan za mu rubuta jaruntakar baffanninmu, dole mu rubuta abin da ya faru a Sabon Gari a 1966 da Asaba a 1967, kamar yadda za mu rubuta labarin Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo a ɗakunan matansu, da waɗanda suka tsare musu gidaje har suka dawo. Allah ya hore mu da faɗin gaskiya ko da a kan kawunanmu ne.

Kammalawa

Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yau ya doshi tamanin, in yana raye. Iyayensu mata sun riga sun tafi. Waɗanda suka rage su ne matansu da ƙannensu, su ma kullum raguwa suke. Daɗin daɗawa, an shafe fiye da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare kafin a mai da shi, har aka sami matasan da ba su san an yi yaƙin ba.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, musamman 'yan uwa mata da suka yi karatu, domin su ne za su shiga ɗaki su zauna a bakin gado, su ji abin da ba za a gaya wa namiji ba. A kowace gunduma mata biyar ko shida sun isa su fara. A nemi izinin tsohuwa da na mai gida tukuna. A ɗauki muryarta da waya, a rubuta sunan sojan da na mahaifinsa da unguwarsa, da lambarsa in tana jikin takardar sallama ko ta fansho. A ɗauki hoton wasiƙu da hotuna a mayar wa mai su kayanta nan take, kada a raba ta da su. Wasiƙar ajami a kai wa malamin allo ya karanta. Abin da ta ce sirri ne a bar shi sirri. In an tara, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makaranta, a nemi kai wani Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don irin wannan aiki.

Wasiƙun baffana uku yanzu suna hannun babbar 'yar gwaggo. Na sa an karanta mini su. Babu labarin bindiga a ciki ko kaɗan. Yana gaida kowa da sunansa, yana tambayar yadda damina ta yi, yana kuma roƙon kada a sayar da jakinsa kafin ya dawo. Tsofaffin unguwa sun shaida mini gwaggo ta hana a sayar da jakin nan har ya mutu don kansa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kiyashe mu da sake ganin basasa. Amin.